Saƙon da Kofur Ndagi Jiya Ya Riƙe Shekara Talatin da Biyu

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, 2025, daidai da sha biyu ga Sha'aban, 1446, da ƙarfe goma saura kwata na safe, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, Kofur Ndagi Jiya mai ritaya, a gidansa da ke Tudun Fulani, nan Minna, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa sutura bayan sallar Azahar. Dukkanmu na Allah ne, wurinSa kuma za mu tattara. Ndagi ya riga mu ne kawai.

Ndagi, ba don in jera kyawawan halayenka kaɗai na ɗauki alƙalami ba, ko da yake suna da yawa. Ka bar saƙo a hannuna wanda ka so ya isa ga mai shi tun kana da rai, domin ka nemi yafiyarta ka ji amsa da kunnenka. Ni na jinkirta shi har aka binne ka. Matarka, Hajiya Aziza, da ita mai saƙon sun ba ni izinin in faɗi yadda abin ya kasance, kuma zan faɗe shi ba ragi.

Sanina da kai ya fara ne a masallacin unguwa, a shekarar 2009, watan da na yi ritaya daga aikin sufeton makarantu. An tayar da iƙama, na ga ka ɗan fita daga sahu, sai na dafa kafaɗarka ta dama daga baya don ka daidaita. Ba ka matso ba. Juyawa ka yi gaba ɗaya zuwa dama, hannuwanka biyu a dunƙule kamar mai riƙe da wani abu, har ka ba alƙibla gefe. Bayan sallama ka same ni a bakin ƙofa ka ce, "Malam, don Allah in za ka gyara ni, ka zo ta gabana. Bayana ba ya jin wasa." Na ɗauke ka mutum mai saurin fushi. Shekara goma sha huɗu na yi kafin in san dalili.

Ba ka da saurin fushi. Ban taɓa zama da mutum mai sanyin hali irinka ba. Mutanen Tudun Fulani sun san ka da 'yar gudumar nan da kake yawo da ita a aljihun riga. Kowace safiya kana dawowa daga masallaci sai ka bi motocin maƙwabta kana ƙwanƙwasa ƙusoshin taya ɗaya bayan ɗaya, ka kara kunnenka mai ji, don ɗayan ƙarar igwa ta kashe shi tun a Laberiya. Ka ce haka kuke yi wa sarƙar tankar yaƙi kafin a tayar da inji, saboda ƙusar da ta kwance muryarta dabam ce. Ana yi maka dariya, har ranar da ka tare wata motar haya cike da mata za su biki Bida, ka rantse ba za ta wuce ba sai an duba ƙafar baya. Da aka duba, ƙusa biyu kaɗai ke riƙe da ita. Da damina kuwa, duk motar da ta maƙale a taɓon hanyar gonakin Tagwai, kai ake aiko wa. Ka je da tsohuwar taraktar da kake tuƙa wa manoma, ka ciro ta, ka tafi kafin a gama yi maka godiya.

Wani alherin naka kuma sai da na yi fushi da shi. Ranar da ciwon ajali ya tsananta wa mai ɗakina, marigayiya Talatu, kai ka ɗauke mu zuwa asibiti. Tsakanin gida da asibitin sau uku kana tsayar da mota, ka juyo gaba ɗaya, ka dubi fuskarta, ka ce, "Hajiya, kina ji na?" Sai ta amsa sannan ka ci gaba. A tsayawa ta uku na daka maka tsawa, na ce mai kai mara lafiya gudu yake yi, ba tambaya ba. Ka ci gaba da tuƙinka. Na nemi afuwarka daga baya, ka ce ai ba ka ma ji ba, ta wajen mataccen kunnen na zauna.

Bayan ƙaramar sallar 2023 ka shigo zaurena da sabon littafin rubutu a hannu. Ka ce, "Sufeto, kai ka iya jera magana. Akwai abin da bakina ya ƙi faɗa. Ni in faɗa maka, kai ka rubuta, mu je tare ka karanta wa yarinyar, ni in zauna in sunkuyar da kai." Daga ranar, duk Asabar da hantsi muke zama. Abin da zan kawo nan daga bakinka na ji shi.

Ku uku ne a cikin tankar da aka tura ku da ita Laberiya cikin rundunar kiyaye zaman lafiya. Kai ne direba. Sanda, mutumin Kontagora, shi ne mai harbi. Kwamandanku Saje Istifanus, Bagware ne daga wani ƙauye kusa da Tagwai, Kirista, dogo, mai yawan barkwanci. Ka ce wanda bai shiga tanka ba yana ganin kamar ɗaki ne mai aminci, alhali tukunya ce a kan murhu. Ƙarfen yana ƙona fata da rana, hayaƙin mai da na albarushi yana cika ido, direba kuma yana zaune can ƙasa a gaba, ba ya ganin duniya sai ta wani gilashi da bai fi faɗin tafin hannu ba. Ba sitiyari, sanduna biyu ne, ka ja ta dama ta karkata dama, ka ja ta hagu ta karkata hagu. Idon direba na gaskiya shi ne kwamanda, wanda yake sama a bayansa, kansa a waje ta murfin.

Akwai na'urar magana a cikin hulunanku, amma danshin ƙasar ya lalata ta tun watannin farko, ƙarar inji kuma ba ta barin a ji ihu. Don haka kuka koma ga tsohuwar dabarar masu tanka, wato magana da ƙafa. In Saje ya taka kafaɗarka ta dama, dama ke nan. In ta hagu, hagu. In ya danna tsakiyar bayanka, ci gaba, gwargwadon ƙarfin dannawar gwargwadon gudun. In ya bugi hularka sau biyu, tsaya. Ka ce har ta kai ba ka tunani, ƙafarsa na sauka hannunka ya riga ya ja sandar. Yakan tsokane ka ya ce, "Ndagi, kai ne Banufen da na fi takawa a duniya, kuma kullum sai ka ce mini yessa." Kai kuma ka ce masa ranar da aka ba ka igiya uku ta saje sai ya goya ka har Minna. In lokacin salla ya yi, shi yake hawa saman tankar da bindiga ya yi gadi har ku idar, ku kuma ranar Lahadi ku ɗauke masa wankin igwa.

Labari ɗaya ne Saje yake yawan ba ku, yana farawa da dariya ya ƙare ba dariya. Ranar da zai baro gida, 'yarsa Alisabatu, mai shekara shida, ta ɗauke takalminsa na hagu ta tura cikin buhun dawa, wai in babu takalmi ba zai tafi ba. Mota na jira a bakin hanya tana ta oda, aka birkice gida ana nema. Da aka gano, ya mare ta, marin da bai taɓa yi mata ba, ya sa takalmin ya fita da gudu tana kuka a bayan ƙofa. Bai yi mata sallama ba. Yakan ce in ya koma, kafin ya gaida uwarta sai ya fara durƙusa wa wannan yarinya.

A ƙarshen daminar 1992 faɗa ya yi tsanani a kewayen Monrobiya. Wata safiya aka tura ku gaba a kan wata siririyar hanya, fadama dama, fadama hagu. Ba ku yi mil guda daga tantin likitocinku ba 'yan tawaye suka buɗe muku wuta daga cikin ciyayi. Nan take ka ji ƙafar Saje ta sauka a tsakiyar bayanka da ƙarfi. Ka taka mai. Ta ƙara dannawa, ka ƙara gudu. Ka ce a ranka kana yaba masa, kana cewa yau Bagware ya fusata. Haka ka keta kwanton ɓaunar ka wuce, ƙafar ba ta ɗaga ba, kai ma ba ka sassauta ba, mil biyu ko uku. Sanda yana can idonsa manne da madubin bindiga mai jigida, hayaƙi ya cika ko'ina. Sai da harsashinsa ya ƙare ya waiwaya. Ya yi ihu ba ka ji ba, sai ya rarumi kwankon harsashi ya miƙo ya bugi hularka sau biyu.

Da ka tsaya ka juya, ka ga abin da ya faru. Tun harbin farko wani ƙarfe ya shigo ta murfin ya farke wa Saje cinyar dama. Ba umarni yake ba ka ba. Azaba ce ta sa ya tokare ɗayar ƙafar da abin da ya samu, abin da ya samu kuwa bayanka ne. Duk dannawar da ka fassara da "ci gaba", nisanta shi kake yi daga likita. Komawa kuma ba ta yiwu ba sai da 'yan baya suka share hanyar, kusan awa guda. Kun ɗaure cinyar da ɗamarar Sanda, jinin bai tsaya ba.

Yana cikin hankalinsa har kusan ƙarshe. Ka ce sai da ya yi murmushi ya ce, "Ndagi, yau ka yi biyayya fiye da kima." Can kuma ya riƙo wuyan rigarka ya ce, "Ka gaya wa Alisabatu ban tafi da fushi ba. Ka ce mata ita ce ta yi daidai, da na bar takalmin inda ta ajiye shi." Ya cika kafin ku isa tantin.

Na gaya maka, kuma har yanzu ina kan ra'ayina, cewa da ka tsaya a tsakiyar kwanton ɓauna da wataƙila ku ukun duka kun halaka. Sanda ma haka ya rubuto. Amsarka ɗaya ce kullum: "Na sani, Sufeto. Amma shekara biyu ƙafar nan tana bayana. Na san ta in tana ba da oda. A ranar nan, rawa take yi. Na ji rawar, ban waiwaya ba."

Da kuka dawo gida ka je ƙauyensu gaisuwa, saƙon yana bakinka. Matarsa Rahila ta dube ka ta yi tambaya ɗaya: "Ya sha wahala?" Ka ga idonta, ka ce, "A'a, nan take ne, bai ma sani ba." Ka ce kalmar na fita ka gane abin da ka yi. Mutumin da ya mutu nan take ba ya barin saƙo. Yarinyar tana tsaye jikin ƙofa tana kallonka, ka tashi ka yi sallama ka tafi da maganar ubanta.

Alisabatu ta girma, ta yi aure, ta kama sana'ar hatsi a Kasuwar Kure. Shekara goma sha biyar ba ka sayi dawa ko masara a wajen kowa ba sai ita, kana wuce rumfuna ashirin kafin ka kai tata. Tana kiranka Baba Kofur, ta san kai direban ubanta ne. Hajiya Aziza ta shaida mini ranar da ka dawo daga kasuwa ka kasa cin abinci har kwana biyu. A ranar ce Alisabatu, tana cikin auna maka dawa, ta ce, "Baba Kofur, ka san babana da fushina ya tafi? Har yau in na buɗe buhu sai na tuna." Ka ce mata Allah Ya kyauta, ka ɗauki kayanka. Muddin Rahila na da rai kana da hujja, ba ka so ka tayar mata da abin da ka kwantar. Ta rasu a 2019, hujjar ta ƙare. Sau uku kana zuwa rumfar da niyya, sau uku kana dawowa da hatsin da ba ka buƙata.

Yanzu na iso kan nawa laifin. Mun gama rubutu a watan Agusta, 2024, shafi goma sha ɗaya. Ka ce mu tafi Asabar mai zuwa. Na ce a dakata. Sunan ƙauyen da abin ya faru ka faɗa mini shi iri uku, ban same shi a taswira ba. Ka ce ranar Juma'a ce, amma kwanan watan da ka bayar ya faɗa a Laraba. Tsawon tafiyar ma "biyu ko uku" ka ce. Shekara talatin da biyar na yi ina mayar wa malamai rahoto saboda abin da bai kai wannan ba, na ga bai dace a kai wa marainiya labarin mutuwar ubanta da kwanan wata mai shakka ba. Na rubuta wa Sanda a Kontagora. Amsarsa ta zo bayan mako bakwai da wani kwanan watan dabam, na sake rubuta masa. A watan Disamba ka leƙo zaure ka same ni da taswira a shimfiɗe, ka ce, "Sufeto, kai kana neman sunan gari, ni kuwa ƙafafuna sun fara kumbura. Yarinyar nan ba jarrabawa za ta ba mu ba." Na ce maka saura kaɗan.

Ranar biyu ga Fabrairu ka faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinka ya shanye, magana ta ɗauke. Duk zuwan da na yi duba ka sai ka kafe ni da ido, ka ɗaga hannun da ke motsi kana ƙoƙarin kai shi bayanka. Na fahimta sarai. Duk da haka na ce a bari ka ɗan samu sauƙi don ka iya zama a gabanta kamar yadda ka tsara. Sai a rana ta takwas ta jinyarka na ɗauki shafukan na tafi Kasuwar Kure. Maƙwabciyar rumfarta ta ce ta tafi ƙauye saro masara, sai Laraba. Ka rasu Talata.

Ranar Alhamis, ranar addu'ar uku, Alisabatu ta zo gaisuwa da kanta, da rabin buhun dawa a kan babur. Na roƙe ta ta zauna a zaurenka, Hajiya Aziza na gefe, na gaya mata dalilin jinkirina, na karanta mata shafi goma sha ɗayan ban tsallake layi ba. Ba ta yi kuka ba. Da na kai kan maganar ubanta ta ce in maimaita, na maimaita. Sannan ta ce, "Baba, wace ƙafa ce a bayansa?"

Na juya shafukan. Wata goma sha biyar ina yi maka tambayoyi, wannan ban yi ba. Na ce mata ban sani ba, abin da na rubuta kawai shi ne raunin a cinyar dama yake.

Ta ce, "To ta hagu ce ke nan. Ita ce wadda na ɓoye wa takalmi."

A nan ne hawaye suka zo mata. Ta ce, "Shekara goma sha biyar yana tsayawa a gabana, maganar tana bakinsa, ni ina cika masa mudu. Mamata ya kyauta mata, ta mutu ranta a kwance. Ni ya bar ni da nawa." Hajiya Aziza ta sauko daga kujera ta durƙusa, tsohuwa a gaban sa'ar 'yar cikinta, ta ce, "'Yata, haƙƙinki ne, yana can kwance da shi. Ba za mu tilasta miki ba." Can Alisabatu ta kama hannunta ta ce, "Mama, tashi, kada ki sa mini wani nauyin. Wanda ya goya ƙafar babana shekara talatin da biyu ya biya. Na yafe masa, duniya da lahira. Da ma ya ji."

Da ta miƙe za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Baba Sufeto, sunan garin nan da ka tsaya nema, me zan yi da shi?"

Ndagi, ga abin da ka so ka ji, na rubuto maka tun da ban bari ka ji ba. Ta yafe maka ranar Alhamis, sha uku ga Fabrairu, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, a gaban shaidu biyu. A duk labarin nan, wannan ne kaɗai kwanan watan da ba ni da shakka a kansa, kuma ya zo bayan kwana biyu da binne ka. Yafiyarka gare ni kuwa ba ni da inda zan neme ta sai a gaban Allah.

Ya Ubangiji, ga bawanKa Ndagi ɗan Jiya ya iso gare Ka. Ka gafarta masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi cikin kuskure, Ka karɓi yafiyar da aka yi masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya duk ran da ya tsare a kan hanya ya zama nauyi a mizaninsa, Ka sada shi da rahamarKa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Aziza da 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da danginsa na Bida, da jama'ar masallacin Tudun Fulani, da Malam Sanda na Kontagora, wanda yanzu shi kaɗai ya rage cikin ukun. Ina kuma yi wa Alisabatu Istifanus gaisuwa biyu, ta Baba Kofur da ta mahaifinta, wadda ta makara shekara talatin da biyu. Allah Ya ba ku haƙuri duka. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu isar da abin da ke hannunmu tun masu shi suna ji, Ya kuma kyautata namu ƙarshen. Amin.

Abubakar Siddiƙ Ndako
Tsohon sufeton makarantu
Tudun Fulani, Minna